Kwali uku na fim da kyamarar hujin allura: yadda aka gano abin da ke ɓata hotunan

Asalin lamarin

Wani bawan Allah mai sha'awar ɗaukar hoto ya haɗa wa kansa kyamara ta katako wadda ba ta da gilashi ko ɗaya. Akwati ne baƙi daga ciki, a gabansa ɗan fallen tagulla da aka huda da bakin allura, a bayansa kuma gurbin da ake zura gidan fim. Faɗin hujin milimita 0.4 ne, tazarar da ke tsakaninsa da fim kuma milimita 90. In aka raba 90 da 0.4 za a sami 225, wato a lissafin masu hoto kyamarar tana kan f/225 (lambar da ke nuna girman ƙofar haske: in lambar ta ƙaru, hasken da ke shiga yana raguwa) ke nan kullum, ba ƙari ba ragi. Ba da ka ya zaɓi girman hujin ba, domin lissafin da masanin kimiyya na Ingila Lord Rayleigh ya fitar tun ƙarni na 19 yana ba da kusan milimita 0.42 ga irin wannan tazara.

Ya daɗe yana amfani da takardar wanke hoto a madadin fim. Takarda tana da sauƙin sha'ani, ana iya lodinta da wanke ta a ƙarƙashin jar fitila, sai dai saurinta bai wuce ISO 3 zuwa 6 ba (ISO shi ne ma'aunin saurin ɗaukar haske), kuma sararin sama yakan ƙone a kanta ya zama fari fat. Wannan ya sa ya yanke shawarar komawa fim na falle-falle mai girman inci 4 da 5, wanda ake lodawa ɗaya-ɗaya cikin duhu ƙirin.

Janairu: fim ya shigo hannu

Kwali uku ya samu kusan lokaci guda. Na farko sabo ne fil, Fomapan 100 na kamfanin Foma da ke Jamhuriyar Cek, falle 50. Sauran biyun kyauta aka ba shi daga kayan wani mai hoto da ya bar sana'a: Ilford FP4 Plus mai falle 25, ba a taɓa buɗe shi ba amma wa'adinsa ya wuce da kimanin shekara 10, sai Ilford HP5 Plus wanda aka buɗe aka yi amfani da kaɗan daga ciki, wa'adinsa ya wuce da kimanin shekara 15. Wanda ya ba shi ya ce a cikin durowa suka zauna duk tsawon lokacin nan. Tare da su akwai tsofaffin gidajen fim guda huɗu, kowanne yana cin falle biyu, gaba da baya.

Shirinsa shi ne ya fara da sabon fim, ya ajiye tsofaffin sai ya ƙware.

Fabrairu: fitar farko

Lissafin lokacin buɗe hujin ya yi shi daidai da yadda ake koyarwa. Ya auna haske da mita a kan f/16, sannan ya ninka lokacin sau 200, domin 225 a raba da 16, a ninka sakamakon da kansa, yana ba da kusan 198. A rana tsaka mitar ta ce kashi ɗaya bisa 100 na sakan, ya ba fim sakan 2. A inuwar bishiyoyi ta ce kashi ɗaya bisa 8, ya ba shi sakan 25. Ya wanke fallayen a ruwan wanki mai ɗumin digiri 20 na Salsiyas, tsawon lokacin da takardar kamfani ta faɗa.

Hotunan rana sun fito, amma da rauni, kusurwoyinsu huɗu kusan babu komai. Na inuwa kuwa fallen ya fito garau, sai ɗan tabon sararin sama da ya ratso ganye. Falle biyu suna da wani baƙin zane da ya taso daga gefe guda ya shigo tsakiya.

Abu na farko da ya duba shi ne ko ya loda fim ɗin a juye. Kowane falle yana da 'yan gatsa-gatsa a kusurwa ɗaya da ake ji da yatsa a duhu. In an riƙe fallen a tsaye gatsar tana sama ta hannun dama, to fuskar da ke ɗaukar hoto ita ce ke kallon mutum. Ya gwada da hannunsa ya ga yadda yake yi daidai ne. Daga nan ya fara zargin fim ɗin kansa.

Maris: gyaran da ya ƙara ɓarna

Abu uku ya yi a wannan wata.

Ya ƙara lokacin wanki da rabi, da tunanin hakan zai fito da abin da ya ɓuya a inuwa. Wuraren da suka sha haske sun ƙara duhu a kan nagetif ɗin, wato fallen da aka wanke, inuwar kuwa tana nan fayau. Ruwan wanki yana gina hoto ne a kan ƙwayoyin azurfar fuskar fim da haske ya riga ya taɓa, inda haske bai bar alama ba babu abin da zai gina a kai.

Sai ya ce tunda matsalar ƙarancin haske ce, bari ya koma fim mai sauri. Ya buɗe tsohon HP5 Plus ya ɗauke shi a kan ISO 400 kamar yadda aka rubuta a kwali, ya kuma wanke shi da wannan ƙarin lokaci. Fallayen suka fito toka-toka tun daga tsakiya har bakin da gidan fim ya rufe, inda bai kamata a ga komai ba. Masu hoto suna kiran wannan hazo. Hoton yana ciki, amma a nutse.

Na uku, ya karanta cewa sanyi yana hana fim tsufa, sai ya zuba duka kwalayen a firiza. Kwalin FP4 Plus yana nan a liƙe yadda ya fito daga kamfani. Sauran biyun an riga an yanke baƙar ledarsu, naɗe bakinta kawai ya yi ya mayar cikin kwali. Duk sanda zai loda fim sai ya ciro kwalin ya shiga ɗakin duhu nan take ya buɗe, ya gama ya mayar. Kafin wata ya ƙare ya fara jin fallayen sama da na ƙasa suna manne wa juna, waɗanda ya wanke kuma suna fitowa da dabbare-dabbare.

A wannan lokaci ya ɓata falle 20 da wani abu, kuma babu hoto ɗaya da zai iya nuna wa mutum. Ya kai ga tunanin zubar da tsofaffin kwalayen ya koma takarda.

Afrilu: gwaji ɗaya ga kowace alama

Wani tsohon hannu a harkar ya ba shi shawara ya daina fita ɗaukar hoto tukuna, ya jera nagetif ɗin da suka lalace a kan farar takarda ya rarraba su bisa kamannin lalacewar. Da ya yi haka sai suka kasu gida huɗu: masu rauni, masu hazo, masu zane daga gefe, da masu dabbare.

Ya fara da hazo, don shi ne mafi arha wajen gwadawa. A duhu ya ɗauki falle ɗaya daga tsakiyar kowane kwali ya raba shi biyu da almakashi. Rabi ya jefa kai tsaye a fiksa, ruwan da ke cire azurfar da ba ta zama hoto ba, ɗaya rabin ya wanke shi sosai sannan ya kai fiksa, ba tare da ko ɗaya ya ga haske ba. Rabin farko yana nuna launin robar fim ɗin zalla, bambancin da ke tsakaninsa da na biyu shi ne hazon. Ba shi da na'urar auna kaurin nagetif, don haka ya ɗora kowane yanki a kan fitilar da haskenta bai canzawa ya auna da mitarsa. Masu hoto suna ƙirga haske da mataki, kowane mataki ɗaya ninki biyu ne. Fomapan bai nuna wani bambancin kirki ba. FP4 Plus, wanda sai a ranar aka fasa ledarsa bayan ya kwana a wajen firiza, bai kai sulusin mataki ba. HP5 Plus ya cinye kusan mataki ɗaya da rabi.

Haka aka saba gani. Fim mai sauri ƙwayoyinsa manya ne masu saurin ji, shi ya sa zafi da tiririn nukiliya na ɗabi'a da ke ratsa ko'ina suke yi masa illa fiye da mai jinkiri. Firiza tana rage aikin zafi, amma ba ta tare wancan tiririn, don haka ko a cikin ƙanƙara fim mai ISO 400 yana tara hazo a hankali.

Zanen gefe ya gwada shi da takarda. Ya loda takardar hoto a duka gidajen huɗu, ya shanya su a rana na 'yan mintuna ba tare da ya zare murfin da ke kare falle daga haske ba, yana juya su, sannan ya wanke takardun. Gida ɗaya ya ba da zane iri ɗaya sak da na nagetif ɗin, daga bakin da ake zura murfi. Ƙyallen da ke toshe haske a wannan baki ya saki saboda tsufa. A kyamarar gilashi mai yiwuwa a daɗe ba a lura ba, tunda murfin yana fita na ɗan lokaci ne a mayar. A kyamarar huji kuwa bakin yana zama a buɗe cikin rana minti uku ko biyar.

Raunin hoto shi ne babban ciwon, kuma amsarsa tana rubuce a takardar da ke cikin kwalin tun ranar farko. Fim ba ya tara haske mai rauni yadda lissafi ya nuna. In buɗewa ta wuce kimanin sakan ɗaya, ninka lokaci sau biyu ba ya ninka tasirin sau biyu, domin ƙwayar azurfa tana buƙatar haske ya same ta a jere kafin alamar ta kafu, in ya zo jefi-jefi sai ta farko ta warware kafin ta biyu ta iso. Kamar cika tulu mai yoyo ne da cokali. Masanin taurari na Jamus, Karl Schwarzschild, ya bayyana lissafin wannan a wajajen 1900, kuma har yau da sunansa ake kiran abin.

Kowane fim da irin nasa. Takardar Fomapan 100 ta ce in mita ta ba da sakan 1 a ninka sau 2, sakan 10 a ninka sau 8, sakan 100 a ninka sau 16. Ke nan sakan 25 ɗin da ya bayar a inuwa ya kamata ya haura minti 4. Kusan kashi ɗaya bisa goma na hasken da ake buƙata ya ba fim ɗin, giɓin da ya wuce mataki uku. Na rana kuwa giɓinsu bai kai mataki biyu ba, shi ya sa suka fito da ƙyar. Ilford kuma kowane fim da tasa lambar guda ɗaya suke bayarwa, a ɗaga sakan ɗin da mita ta ba da zuwa wannan lamba: 1.26 ga FP4 Plus, 1.31 ga HP5 Plus. Da wannan lissafi sakan 25 yana zama kusan 58 a FP4 Plus, kusan 68 a HP5 Plus. Wato tsohon fim ɗin da ya raina, a inuwa ya fi sabon sauri ninki huɗu a lissafin kamfani.

Saura a san ainihin saurin tsofaffin yanzu. Ƙa'idar da ake yawan faɗa ita ce a ƙara mataki ɗaya ga kowace shekara goma bayan wa'adi, amma kintace ce, ba ta san durowar da fim ya zauna ba. Da farko ya bi hanyar da aka sani, ya fuskanci bango mai haske bai ɗaya yana zare murfin kaɗan-kaɗan don falle ɗaya ya sami lokuta daban-daban. Sakamakon ya rikice, don a tazarar milimita 90 gefen fallen yana samun kusan rabin hasken tsakiya, kusurwa kuma kusan sulusi. Wannan ɗabi'ar huji ce, ita ce ma ta cinye kusurwoyin hotunan Fabrairu. Sai ya canza dabara: ya yanka falle gida huɗu a duhu, ya liƙa kowane yanki a tsakiyar gidan fim, ya ɗauki wuri ɗaya da lokuta huɗu. FP4 Plus ya fi kyau a ISO 64, HP5 Plus sai da aka sauko ISO 100 kafin inuwa ta ɗago daga cikin hazo.

Dabbaren bai buƙaci gwaji ba. Falle mai sanyin firiza in ya haɗu da iskar ɗaki yana yin gumi nan da nan, fuskar fim kuma jalatin ce, wani abu mai kama da ƙaro, tana shan danshi ta kumbura ta yi danƙo. Duk mayarwa cikin firiza tana kulle wannan danshin a cikin leda.

Mayu zuwa Yuni: abin da aka iya cetowa

Kwalaye biyun da suka sha gumi ya fitar da su daga firiza, ya sa su a roba mai murfin da ba ya shan iska, tare da ƙunshin silika mai tsotse danshi, ya ɗan buɗe bakin ledar a cikin kwali, ya bar su kimanin mako guda a ɗaki mai sanyi-sanyi. Bayan haka ya shiga duhu da busassun hannuwa yana zare fallayen ɗaya bayan ɗaya. Na tsakiya suna zamewa lafiya. Daga sama da ƙasa ya ware guda tara da suka manne ko suka yi santsin da bai saba ji ba.

Ya gwada raba biyu daga cikin masu mannewar da ƙarfi, fuskar ta ɗaye. Ya jiƙa wasu a ruwa har suka rabu da kansu, ya shanya su a duhu, ya ɗauki hoto da su. Ruwan ya wanke rinin bayan fallen da ke hana haske dawowa, bushewar ba ta yi daidai ba, hotunan suka fito da layukan ruwa. Wannan hanyar ba ta yi ba. Ya bar sauran don koyon lodi da rana tsaka, da kuma gwada ƙarfin fiksa: a jefa guntu a ga tsawon lokacin da zai ɗauka ya washe, a ba ainihin fim ninki biyun wannan lokaci.

Hazon HP5 Plus ya ɗan ci masa lokaci. Ya koma Kodak HC-110, ruwan wankin da aka san shi da ƙarancin tayar da hazo, kashi 1 cikin ruwa kashi 31, ya kuma daina ƙara lokaci. Wannan kaɗai ya rage tokar a ido. Sannan ya gwada sinadarin benzotirayazol, wanda ke danne ƙwayoyin da haske bai taɓa ba, ya jiƙa giram 1 a ruwa mililita 100. Da ya zuba mililita 15 a lita ɗaya ta ruwan wanki fallen ya washe sosai, amma inuwar ta tafi tare da hazon. Mililita 5 ya fi dacewa, hazon ya sauko ƙasa da mataki ɗaya, da sharaɗin a ƙara wa fim ɗin rabin mataki na haske. Wani ya ba shi shawarar sinadarin nan na Farmer mai cin azurfa bayan wanki, bai bi ba, don shi ma daga wurare masu rauni yake fara ci, inuwar ke nan.

Nagetif ɗin Fabrairu masu rauni ya tsoma na rana a ruwan selaniyom mai ƙara wa nagetif kauri, da safar hannu da taga a buɗe saboda gubarsa. Sun ɗan ƙara kauri har aka iya buga su a takarda mai tsananin bambancin baƙi da fari. Na inuwa babu abin da ya canza a cikinsu.

Gidan fim mai yoyo ya ajiye shi gefe. Sauran ukun kuma ya riƙa lulluɓe bayan kyamarar da baƙin ƙyalle tun kafin ya zare murfi har ya mayar. Da ya koma Fomapan da lokutan da suka dace, sai wata sabuwa ta taso: wurare masu haske suna yin kauri fiye da kima, saboda su ba sa fama da wancan raunin doguwar buɗewa kamar inuwa. Rage lokacin wanki da kashi 15 cikin 100 ya daidaita wannan.

Yuli: sabon tsarin ajiya

Ya raba fim ɗin da ya rage ƙunshi-ƙunshi, falle shida zuwa goma, kowane ƙunshi a baƙar leda, cikin kwalin nan mai murfi uku da ke shiga juna, an liƙe bakinsa da salatif, an sa shi a leda mai zif, an rubuta sunan fim da saurin da gwaji ya nuna da ranar rufewa. Ya yi rufewar a ranar da iska ta bushe. Ƙunshi ɗaya na kowane fim yana durowa, shi ake amfani da shi kuma ba ya komawa sanyi. Sauran suna firiza. Kodak suna ba da shawarar digiri 13 ko ƙasa don ajiyar 'yan watanni, da kusan 18 ƙasa da sifili don doguwar ajiya, tare da barin kwali a rufe na wasu awanni ya ɗumama kafin a buɗe. Shi dai ya mayar da shi ƙa'ida ya ciro da dare ya buɗe da safe. Ya kuma daina barin fim a cikin gidajensa fiye da 'yan kwanaki, kuma yana wanke abin da ya ɗauka a cikin makon.

Sakamako da hukunci

Daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta fallayen da ya ɗauka sun fito yadda za a iya buga su, in ban da guda biyu da iska ta girgiza kyamarar. FP4 Plus bai yi asarar komai ba sai fallayen gwaji. HP5 Plus ya ba da hotuna masu kaushin ƙwaya da laushin bambanci, waɗanda suka dace da ranakun gajimare.

A ganina, a cikin matsaloli huɗun nan guda ɗaya ce kawai ta zo tare da fim ɗin, wato hazon HP5 Plus, kuma ita ce mafi ƙarancin ɓarna. Asarar da ta fi yawa ta fito ne daga zaɓen fim da lambar ISO ta jikin kwali, alhali a f/225 abin da ke yanke hukunci shi ne jadawalin doguwar buɗewa. Fomapan 100 ba shi da laifi, kamfanin ya rubuta halinsa ƙarara, kuma ga mai son ruwa ko gajimare su narke a hoto wannan jinkirin riba ne. Amma a inuwa da cikin ɗaki fim mai ƙaramar lambar gyara ya fi. Wanda ya fi kowa a wannan fage shi ne Neopan 100 Acros na Fujifilm, da ba ya buƙatar gyara har sakan 120, sai dai an daina yin sa a 2018, kuma Acros II da ya zo a 2019 bai fito a falle ba.

Firizar kuwa ba na jin ta zama dole a wannan lamari. Fim baƙi da fari mai ISO 100 da za a ƙarar cikin shekara ɗaya zai zauna lafiya a busasshiyar durowa mai sanyi-sanyi, kuma FP4 Plus ɗin da ya yi shekara 10 a haka ya nuna hakan. Falle tara da aka rasa duka a watan da aka fara sa buɗaɗɗun kwalaye a sanyi suka lalace. Da ya yi gwajin rabin falle a Janairu, falle uku kacal zai kashe ya san matsayin kowane kwali.

Ragowar HP5 Plus ya sa shi a gaban layi don a ƙarar da shi kafin ƙarshen shekara, tunda hazonsa ƙaruwa zai yi. In ya ƙare, FP4 Plus sabo yake da niyyar saya a gurbinsa.